Yadda Na Sayar da Iyakar Gonar Kawuna

Gonar Kawu, yayan mahaifiyata, tana bayan ƙauyenmu ne, a bakin tsohuwar hanyar jakai da ta fito daga wajen Kafin Dafga ta nufi ƙasar Rogo. Daga kudu akwai tsamiya a bakin hanya. Daga arewa akwai tudu, wanda mutanen ƙauyenmu ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai Tudu, kamar babu wani a duniya. Gabas da Kawu kuwa gonar Sarkin Noman ƙauyen ce, mutum mai jiki da murya, wanda ya girme ni da kaɗan.

Tsakanin gonakin nan biyu babu shinge, babu dutse. Iyakar a ido take. Kowace shekara, da ruwan shuka ya sauka, kafin a sa garma, masu gonakin sai su haɗu a gindin tsamiya. Ɗaya ya jingina bayansa da ita ya kalli ƙololuwar tudu. Ɗayan ya ɗauki fartanya ya nufi tudun yana jan layi a ƙasa, na gindin tsamiya yana ce masa dama kaɗan, hagu kaɗan, har ya isa. Bana wannan ya tsaya, baɗi wancan. Haka iyayensu suka yi, ba a kuma taɓa jin kansu ba, domin tsamiya ba ta tafiya, tudu ma kowa ya ɗauka ba ya tafiya.

Tudun ya kai tsayin rumbu biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya, faɗinsa kuma ya fi harabar masallacinmu. Ba abin da ke fitowa a kansa sai sabara da ciyawa. Akwai irinsa nan da can a ƙasarmu, har na san wasu ƙanana guda biyu a hanyar Ruwan Bago, amma namu ya fi su. Tun muna ƙanana aka gaya mana mutanen da ne ke kwance a ciki. Su wane ne, babu wanda ya sani. In ruwa ya yi ƙarfi sai ka ga tsingaro da duwatsun wuya sun gangaro gindinsa. Manya sukan ce a bar su inda aka gan su, kuma da rana tsaka ba kowa ke ratsawa ta wurin ba sai da addu'a a baki.

Wata shekara wasu malaman jami'a suka zo, maza uku da mace ɗaya, da huluna masu faɗi da igiyar awo. Suka kwana biyu suna zagaye tudun. Suka tabbatar mana da abin da kakata ta sha faɗa ba tare da igiya ba: kaburbura ne, an binne wasu a kan wasu tun kafin a san ƙauyenmu. Kafin su tafi suka kafa rodi a ƙololuwa, suka zuba masa siminti, suka roƙi Dagaci kada kowa ya taɓa wurin har su dawo. Dagaci ya ce ko kaza ba za ta tona ba. Rodin ya yi damina ɗaya a sama. Daga baya na gan shi a ƙofar gidan Sarkin Noma an ɗaure bijimi a jikinsa, kuma gaskiya ya yi kyau da turke.

Ni ɗan kasuwa ne. Da jaki ɗaya na fara, Kawu ne ma ya ba ni shi lokacin da mahaifina ya rasu, ya ce in nemi na kaina. Na yi dakon taki, na yi fataucin gyaɗa, na koma albasa, har Allah ya sa na mallaki amalanke biyu da rumfa a kasuwar Karaye. Duk abin da na kalla, abin da idona ke fara tambaya shi ne wa zai saya. Ban ɗauki wannan aibi ba, da shi na ciyar da gida.

Da wannan idon na lura cewa dawar Sarkin Noma da ke gindin tudu, inda ruwa ke wanko ƙasa, ta fi sauran tsayi da kauri. Ƙasar baƙa ce, mai laushi kamar toka. A lokacin masu lambun albasa na bakin dam suna ta kukan tsadar takin zamani. Na cika mangala ɗaya na kai wa wani abokin cinikina ya gwada a fangali biyu. Da aka zo cira, albasar ta fito kamar dunƙulen hannu. Kafin rani ya zagayo, masu lambu sun fara tare ni a hanya.

Kawu na fara tunkara, don a ganina in akwai alheri gida ya kamata ya fara shiga. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya.

"Kawu, ƙasar nan ta gindin tudu, ta gefenka. In ka bari na riƙa ɗiba, ba za ka ƙara sayen gishiri da kuɗinka ba."

Bai ɗaga kai ba. "Ka san su wa ke ciki?"

"Ba a sani ba, Kawu. Malaman jami'a ma sun ce sai an ƙara bincike."

"To tunda ba ka san su ba, ɗan nan, me suka yi maka?"

Na san Kawu. In ya yi tambaya irin wannan, ya gama magana. Na yi masa sallama na wuce gidan Sarkin Noma, wanda ya amince tun ban gama gaisuwa ba. Har raka ni ya yi ya nuna mini inda ƙasar ta fi baƙi.

Rani huɗu muna ɗiba ta gefen gabas. Na ba leburorina doka: in ƙashi ya fito a tattara shi a buhu, a mayar cikin wani rami a gefe, a rufe da bisimilla. A lokacin na ɗauka na kai maƙurar ladabi. Ga masu saye kuwa na sa mata suna ƙasar kufai. Ba ƙarya na yi ba, gaskiyar na rage wa tsawo, su ma kuma ba su nemi ragowar ba. In mai lambu ya tsinci wani abu fari a fangalinsa, sai ya ce na akuya ne ya jefar bayan shinge. Mutanen da ba sa iya wuce tudun da rana sai da addu'a, su ne ke yanka albasarsa a kan dafa-duka suna yaba zaƙinta.

Gefen da muke haƙa ya zama gaɓa, a miƙe kamar bango. Kowace damina ruwa ya jiƙa saman, sai ya rufto cikin ramin, mu kuma da rani mu kwashe abin da ya rufto muna murna an rage mana aikin diga.

Wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe da Kawu. Ya bari na gama tambayar iyali da gajiya da dabbobi, sannan ya ce, "Gonata tana ramewa."

"Ramewa kamar yaya, Kawu? Taki take so?"

"Ka tuna surin nan na kusa da tudu?"

Na tuna. Wani tsohon suri ne da gara suka daɗe da barinsa, nan muke ajiye butar ruwa in muna noma.

"Tun ina saurayi surin nan a gonata yake, da kunya biyu a bayansa kafin iyaka. Bana da aka ja layi, yana cikin gonar ɗan marigayi, da kunya biyar a gabansa." Ɗan marigayi yake kiran Sarkin Noma, don shi da mahaifinsa suka yi zamani. "Kunya bakwai ke nan, kuma nan ne wurin gerona. Abin da ke damuna, bana ni na tsaya a tsamiya. Ni da bakina na riƙa ce masa hagu, hagu. Na kalli tudun, abin da na gani na faɗa."

Kawu ba mai faɗin gona ba ne. Abin da ya gada ke nan, shi yake ci, shi kuma yake fatan bar wa 'ya'yansa mata uku. Yankin da ya tafi shi ne mafi kyau a cikinta.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika ƙauye cewa Tudu yana tafiya yamma. Wasu suka ce mutanen ciki ne ke gudun lasifikar da aka sa wa masallaci. Wasu suka ce a'a, gabas ɗin gaba ɗaya suke gudu, wanda ya nuna ba masu salla ba ne. Wani malami da ke da makarantar allo a unguwar yamma ya ce alamar ƙarshen zamani ce, ya kuma fara lissafin shekarar da tudun zai iso bayan gidansa. Aka fara zuwa kallo a kan babura daga ƙauyukan kusa. Wata mata ta kafa kaskon awara a gindin tsamiya, ta kuwa yi ciniki. Duk masu kallon nan suna wuce amalankena a hanya, cike da baƙar ƙasa, suna matsa mata ta wuce.

Ni ma na je. Na jingina bayana da tsamiya kamar yadda ake yi, na ɗaga ido. Ban taɓa kallon tudun daga nan ba tun da na fara haƙa, kullum ta gabas nake zuwa masa, kaina a cikin rami. Daga tsamiya sai na gan shi kamar malmalar tuwo da mutum ɗaya ya zauna ya ci ta gefensa. Kowa ya taɓa cin tuwo ya san inda tsinin malmala ke komawa in ana cin ta gefe ɗaya. Ƙololuwar da iyayenmu suka sani ta daɗe da ruftawa, na kwashe ta, tana bakin dam tana fitar da albasa. Abin da ake kallo yanzu kafaɗar yamma ce. Na daɗe a tsaye har mai awara ta tambaye ni ko in zauna ta zuba mini.

Daga nan gidan Sarkin Noma na nufa. Na same shi yana ba shanu harawa.

"Sarkin Noma, ka san me ke tafiyar da tudun nan?"

"Ikon Allah," in ji shi.

"Da shebur ɗina."

Ya yi murmushi, ya karkaɗe hannu. "Alhaji, kai ka zo ka same ni. Na kira ka? Ƙasa ka nema na ba ka. Iyaka kuma ba ni na ƙirƙiro yadda ake janta ba."

"Tun yaushe ka gane?"

"Gane me?"

A kasuwa na koyi cewa mutumin da ya mayar maka da tambayarka ya riga ya ba ka amsa. A zatona shekarar farko bai sani ba. Daga ta biyu kuwa, na tuna yadda yake nuna wa leburori su ƙara shiga ciki, wai can ƙasar ta fi mai.

Gaya wa Kawu shi ya fi mini wuya. Na faɗa masa ba kwana-kwana. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ashe da jakin da na ba ka aka fara." Na ce a'a, wannan ya daɗe da mutuwa. Ya ce, "To Allah ya rufa masa asiri."

Ni na kai ƙara gaban Dagaci a madadinsa, don shi cewa ya yi bai taɓa tsayawa shari'a da kowa ba. Aka taru a zaure da hantsi: Dagaci a kan buzunsa, Liman a damansa, Kawu da Sarkin Noma a gaba, sauran jama'a har waje.

Sarkin Noma ya fara, kuma ya iya magana. "Ranka ya daɗe, ni ban matsar da komai ba. An tsaya a tsamiya, an kalli tudu, an ja layi, yadda iyaye suka bari. Bana ma Baba ne ya tsaya da kansa. Ƙa'ida ƙa'ida ce."

Kawu ya kawo maganar suri. Dagaci ya girgiza kai. "Malam, ba a taɓa yin iyaka da suri ba a ƙasar nan. Gara ba su da tabbas."

Sai na nemi izini na faɗi abin da na gani daga tsamiya, da abin da ya jawo shi, da wanda ya yi. 

"Wato kai ka kwashe ƙololuwar," in ji Dagaci.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka kai ta ina?"

"Wurare da yawa, ranka ya daɗe. Bakin dam, da fadamar kudu, da lambun da ke bayan gidan nan."

Lambun da ke bayan gidan nan nasa ne. Dagaci ya gyara rawani. Liman, wanda ya karɓi amalanke biyu bara don barkononsa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Aka bar maganar inda ƙasa ta tafi, ba a ƙara komawa kanta ba.

Can sai fuskar Dagaci ta washe. Ya ce ya samo mafita. Tunda haƙa ta gabas ce ta tura ƙololuwa yamma, to Kawu ma ya haƙa ta yamma, rani huɗu cif, ƙololuwa ta koma inda take. Ba wanda aka zalunta, kowa ya ci daidai. Jama'a suka ɗauki Allah ya ja zamaninka. Wani daga waje ya ce irin wannan hukunci sai gidan sarauta. Ba zan ɓoye ba, ni kaina a wannan lokacin zuciyata ta fara auna amalanke nawa gefen yamma zai bayar.

Kawu ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, na gode. An cinye rabinsu, ni kuma in cinye sauran rabin don in yi daidai da shi? In haka ne a bar masa kunyoyin. Allah ya sa ya ci lafiya."

Ya fara laluben sandarsa. Na san in ya fita daga zauren nan, kunya bakwai sun tafi har abada, baɗi kuma wasu za su bi su, don gaɓar ba ta gama ruftawa ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "in ba za a rage ta yamma ba, a ƙara ta gabas. Ni na kwashe, ni zan mayar. Ƙasar mutanen ciki ba za ta dawo ba, amma akwai marmara a ramin 'yan titi na hanyar Rogo. Zan cike gaɓar har tudun ya koma kamarsa."

Sarkin Noma ya zabura. "A ina? A gonata? Wurin nan dankali na sa bara. Ba wanda zai zuba mini tsakuwa a gona."

Dagaci ya juya ga Liman. "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin kabarin da ya buɗe?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce in na Musulmi ne, rufe shi wajibi ne a kan jama'a. In kuma ba na Musulmi ba ne, to ɗan Adam dai ɗan Adam ne, amma malamai sun yi maganganu. Sai dai a fara sanin su wane ne a ciki.

"Arna ne," in ji Sarkin Noma. "Kowa ya sani. Wa ya san su?"

Nan ne kasuwa ta yi mini rana, don ɗan kasuwa ba ya manta abin da mutum ya faɗa lokacin da yake neman abu.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Shekarar da ake neman wanda za a naɗa Sarkin Noma, su uku ne suka nema. A zauren nan, a kan tabarmar nan, ya ce gidansu ne ya sari ƙauyen, in ana shakka a je a dubi tudu, kakanninsa ne kwance a ciki. Da wannan ya kayar da sauran biyun. Ina zaune bakin ƙofa."

Ɗaya daga cikin waɗanda aka kayar yana waje. Muryarsa ta shigo ta taga: "An yi haka."

Dagaci ya kalli Sarkin Noma. "To, wanne ne? In arnan da ba a sani ba ne, sai mu sake duba maganar rawani. In kakanninka ne, sai mu ji ko za ka hana a rufe su."

Na ga mutum yana auna dankali da rawani a fuskarsa. Bai daɗe ba.

"Kakannina ne, ranka ya daɗe. Dama na jima ina tunanin gyara wurin, hidima ce ta yi yawa."

Dagaci ya yaba masa da son zumunci. Liman ya yi addu'a ga magabata, ya haɗa da duk wanda ke cikin tudun in ya cancanta. Aka shafa.

Aikin ya ci ragowar ranin. Na ɗauko tifa tana juye marmara a gindin gaɓa, leburori suna hawa da ita a kwanon sarki suna dannawa da ƙafa. Masu lambu suka yi fushi da ni, wani har ya ce na shiga hakkin albasarsa. Sarkin Noma kuwa kullum yana wurin da lema, yana nuna wa baƙi aikin da yake yi wa kakanninsa.

Matsalar ita ce ba wanda ya san daidai inda tsohuwar ƙololuwa take. Rodin da zai nuna mana yana ƙofar gidan Sarkin Noma da bijimi a ɗaure. Sai na riƙa zuwa tsamiya ina auna da surin Kawu: in layi ya bar suri a yamma da kunya biyu, an isa. Ranar da aka isa, shugaban leburori ya ce a tsaya. Na ce a ƙara. Na saba da baƙar ƙasa, wadda in ka cika amalanke da ita kafin ka kai bakin dam ta zauna ta koma rabi. Na ce ruwa zai danne wannan ma. Bayan haka, ban taɓa auna wa mutum abu ban yi masa gyara ba, balle Kawu. Aka ƙara tifa uku.

Marmara ba ta zama. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, tana nan inda aka zuba ta, ja wur, da ɗan tsini a gefen gabas kamar hular da aka karkata.

Ranar jan layi Dagaci ya zo da kansa ya jingina da tsamiya, wani dattijo cikin fadawansa ya ja fartanya. Rabin ƙauye na biye da shi. Dama, in ji Dagaci. Dama kaɗan. Ƙara dama. Layi ya wuce suri, ya wuce kunya biyun Kawu, ya ƙara cin wasu biyu cikin gonar da tun kakanni ta gidan Sarkin Noma ce.

"Ranka ya daɗe, wannan ai zalunci ne," in ji Sarkin Noma. "Ga inda iyakar take tun ina yaro, kowa ya sani. Ga suri nan shaida."

"Gara ba su da tabbas," in ji Dagaci. "An tsaya a tsamiya, an kalli tudu. Wa ya ce mana ƙa'ida ƙa'ida ce?"

Jama'a suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, don a ganina ribar rani huɗu ce ta dawo wa mai ita.

Kawu bai yi dariya ba. Ya taka a hankali zuwa surin, ya juya gabas, ya ƙirga kunya ɗaya, biyu, ya kafa sandarsa.

"Nan gonata ta tsaya."

"Malam, layi ya ba ka har can," in ji Dagaci.

"Na gani, ranka ya daɗe. Layin ne bai san gonar ba."

Na matsa kusa da shi na rage murya. "Kawu, ka karɓa mana. Shekara huɗu yana cin geronka. Ka ɗauka gyara ce."

"Gyararka ce, ɗan nan, ba tawa ba. Kai ka zuba ta. In kana so ka zo ka noma."

Dagaci ya ce shi dai ya yanke, ba zai ja layi biyu a shekara ɗaya ba, kuma duk wanda ya tsallake wanda aka ja zai gamu da shi.  Ta haka kunya biyun nan suka zama ba mai taɓa su: Sarkin Noma an hana shi, Kawu kuma ya ƙi.

Washegari na kawo shanuna na yi wa Kawu huɗa. Yana gaba yana nuna mini, har muka iso inda ramin sandarsa yake, ya ɗaga hannu na juya shanun. Ya shuka geronsa a kunya bakwai ɗin a ranar, ya hana ni taya shi, wai hannuna ya yi wa wurin aiki ya isa haka. Kunya biyun da ke gefe suka yi ciyawa har gwiwa, da kaka awakin gidajen biyu suka cinye ta.